Ranar Da Na Leƙo Ɗakin Allah Daga Sama

   

A wannan wata zan ɗauke ku ne zuwa Makka, kuma dalili shi ne wata tambaya da aka jefo mini a ajin matan aure, wadda ta hana ni sakat kwana da kwanaki. Muna bitar Arba'una Hadisi ne, mun zo kan hadisi na biyu, wato Hadisin Jibrilu, inda aka ambaci wasu daga cikin alamomin tashin alƙiyama, ciki har da yadda matalauta makiyaya za su wayi gari suna gasar tsawaita gine-gine. Na rufe baki ke nan sai wata baiwar Allah daga sahun baya, wadda a haife ta haife ni, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah Ya gafarta Malama, ba ke muka gani a hoto a ƙololuwar dogon benen nan mai agogo na Makka ba? To in alamar tashin duniya ce, me ya kai ki?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce, domin ta taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na ba ta amsa a taƙaice, na kuma yi alkawarin zan kawo labarin gaba ɗaya a nan, tunda da yawa daga cikinku kuna da niyyar Umara ko Hajji, kuma in kun je sai an yi muku tayin hawa wurin.

Ga wadda ba ta taɓa zuwa ba, ginin da ake magana shi ne Hasumiyar Agogo, wadda ita ce mafi tsawo a cikin rukunin benaye bakwai da ake kira Abrajul Bait, a kudu da Masallacin Harami, daidai Ƙofar Sarki Abdul'aziz. An kammala ta a shekarar 2012. Tsawonta mita 601, hawa 120, kuma a yau gine-gine uku ne kacal suka fi ta tsawo a duk duniya, babbansu shi ne Burj Khalifa na Dubai mai mita 828. Don ki gane abin da kyau, Hasumiyar Gobarau ta Katsina kimanin mita 15 ce, ke nan sai an ɗora irinta arba'in, wata a kan wata, kafin a taɓo jinjirin watan da ke saman wannan. Agogon kansa fuska huɗu gare shi, kowace fuska faɗinta mita 43. A can sama, wajen agogon, aka yi gidan tarihi da barandar da ake leƙo gari, aka buɗe wa jama'a a shekarar 2019.

Ni ban je Makka da niyyar hawa ba. Mun yi Umara ne a watan Rajab, farkon shekarar 2024, mu uku: ni da maigida da mahaifiyarsa, Hajiya. Ita Hajiya rabonta da ƙasa mai tsarki tun Hajjin 1977, tana da goyon maigida na watanni ta bar shi wurin kakarsa ta tafi. Tun daren da muka sauka take ɗaga kai tana duban agogon nan tana girgiza kai. Ta ce ita a saninta wurin nan dutse ne, da wani tsohon ginin sojojin Turkawa a kansa. Kuma gaskiyarta. Sansanin Ajyad ke nan, wanda Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta gina a ƙarshen ƙarni na 18 don tsaron Harami, aka rushe shi a shekarar 2002, aka baje dutsen, har gwamnatin Turkiyya ta nuna ɓacin ranta a lokacin.

A rana ta uku, muna cin abincin rana a masauki, sai ta dubi ɗanta ta ce, "Babana," da yake sunan mahaifinta gare shi, "an ce ana hawa can sama a ga gari duka. Ka kai ni in nemo Makkar da na sani." Na yi ƙoƙarin kawar da zancen. Na ce, "Hajiya, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini, kuma an ce kuɗin shiga da yawa." Ta harare ni cikin wasa ta ce, "Malama, kuɗinki ne ko na ɗana?" Na ja bakina na yi shiru. Kuɗin kuwa da yawan ne, domin abin da muka biya mu uku ya isa ya ciyar da mu kwanaki.

Muka yi sallar La'asar a Harami, muka tsallaka farfajiya muka shiga ginin. Ƙasansa kasuwa ce hawa-hawa, shagunan gwal da turare da abaya da dabino, ga wuraren cin abinci, mutum sai ya manta taku kaɗan ne tsakaninsa da Ka'aba. Muka yanki tikiti, muka bi layi, muka shiga lifta. Abin da na fara ji shi ne kunnuwana sun toshe kamar a jirgin sama, sai da na yi ta haɗiyar yawu suka buɗe. Hajiya kuwa ta damƙe hannuna, bakinta bai huta da salati ba har muka tsaya.

Ɗakunan gidan tarihin ba zan daɗe a kansu ba, duk da cewa mai 'ya'ya 'yan makaranta za ta so su. An nuna taurari da falaki, da tafiyar rana da wata, da yadda husufi ke faruwa, da kayan da mutanen da suke auna lokaci da su kafin a ƙera agogo, irin su ma'aunin inuwa. Na tsaya a nan na ɗan lokaci, domin shekara da shekaru ina koya wa yara a Ahalari da Ishmawi cewa lokacin Azahar yana shiga ne da gushewar rana daga tsakiyar sama, na La'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan inuwar zawali, alhali yawancinsu ba su taɓa kafa kara a tsakar gida sun gwada ba. Hajiya ba ta ga abin tsayawa a nan ba. Ita baranda take nema.

Da muka fita barandar, iska ce ta fara yi mana sallama. Mai ƙarfi ce ƙwarai, sai da na riƙe hijabina da hannu biyu. An kewaye wurin da shingen ƙarfe, ba yadda za a yi mutum ya faɗa, amma duk da haka gwiwoyina sai da suka yi sanyi, domin muna sama da mita 400 daga ƙasa. Na matsa a hankali na leƙa.

'Yan'uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Masallacin nan da muke ɓacewa a cikinsa, wanda in kin kuskure ƙofar da kika shiga sai ki yi awa guda kina neman takalminki, ga shi nan gaba ɗaya a shimfiɗe kamar faifai. A tsakiyarsa ga Ɗakin Allah, ɗan mitsitsi, baƙi wuluk. Kewaye da shi masu ɗawafi, kamar an zuba farin gero a faifan ana juya shi a hankali, ba tsayawa. Ba ki gane Balarabe, ba ki gane Bahaushe, ba ki gane wanda ya sauka a otal mai tsada da wanda ya kwana a Misfala su takwas a ɗaki. Awa biyu da suka wuce ina cikin waɗannan ƙwayoyin, ina jin haushin wata da ta taka mini ƙafa, ina ganin kamar duniya duka ta san an taka ni.

Amma bayan mamakin sai wani abu ya tokare mini ƙirji. Tun ina 'yar shekara bakwai nake fuskantar Ɗakin nan sau biyar a rana, in za a binne ni ma wajensa za a juya fuskata, yau ga ni a tsaye ina dubansa ƙasa da tafin ƙafata. Kunya ta kama ni, irin wadda ke kama yarinya in ta farga tana zaune a kujera mahaifinta yana ƙasa a tabarma. Hajiya ma da ta leƙa sau ɗaya sai ta ja da baya ta ce, "A'a, Babana, wannan ai rashin ladabi ne." Ba mu muka fara jin haka ba. Al-Azraƙi, a littafinsa na tarihin Makka, ya kawo cewa Shaiba ɗan Usman, mai riƙe da makullin Ka'aba, in ya ga an ɗaga gini ya zarce Ɗakin sai ya sa a rushe shi. Haka mutanen farko suke girmama wurin.

Maigida ne ya kwantar mata da hankali. Ya tuna mata cewa jiya-jiya a saman masallaci aka tura ta a keke ta yi ɗawafi, kuma can ɗin ma ya fi Ka'aba tudu. Ni kuma na ƙara mata da abin da malaman fiƙihu suka faɗa, cewa alƙibla ba duwatsun ginin kaɗai ba ne, wurin ne da abin da ke bisansa har sama, shi ya sa tun da can sallar wanda ya hau Dutsen Abu Ƙubais ya fuskanci Ɗakin ta inganta. Ta ce ta ji, amma dai ita ba za ta ƙara duban ƙasa ba, duwatsu za ta duba.

To a nan ne na sami abin da ya biya ni kuɗin tikitina. In kina ƙasa, benaye sun tare miki ido, ba za ki taɓa sanin a cikin kwari kike ba. Daga sama kuwa sai ki ga duwatsu baƙaƙe, tsirara, ba ko ciyawa, sun yi wa garin zobe, unguwanni sun maƙale a jikinsu, hanyoyi suna kutsawa ta cikin ramukan da aka fafe a duwatsun, kuma komai yana gangarowa ne zuwa Harami. Sau nawa na karanta wa ɗalibai addu'ar Annabi Ibrahim (AS) lokacin da ya ajiye iyalinsa a kwarin da ba ya shuka? Ina fassara kalmar daidai, amma a raina wani fili nake gani irin na bayan garinmu. Ranar nan na ga kwarin da idona, na kuma tuna cewa mace ce ita kaɗai da jariri aka bari a cikinsa. Ta hannun dama ga doguwar rumfar Safa da Marwa, wadda zuwa da dawowa sau bakwai a cikinta ya kai wajen kilomita uku. Mu muna yi a kan tayil, da sanyin na'ura, da Zamzam a gefe, muna kukan ƙafa. Nana Hajara a kan duwatsun nan ta yi, cikin rana, ɗanta yana kukan ƙishirwa.

Ganin gangaren ya kuma fahimtar da ni labarin ambaliyar Makka, wanda a da nake mamakinsa, garin da ruwan sama bai dame shi ba. Ashe in an yi ruwan, dutse ba ya sha, duk sai ya kwararo wuri guda. A shekarar 1630 ambaliya ta rushe bangwayen Ka'aba, aka sake gina ta a zamanin Sarki Murad na Huɗu na Turkiyya. A 1941 ma ruwa ya cika masallacin har aka ɗauki hoton masu ɗawafi da iyo.

Can arewa maso gabas maigida ya nuna mana Jabalun Nur, inda Kogon Hira yake. Da muka juya kudu kuma ga Dutsen Saur. Na tsaya ina duban wannan ina duban hanyar Madina, wadda take arewa. Kullum ina gaya wa yara cewa ranar hijira Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar (RA) kudu suka fara nufa, suka ɓuya kwana uku a Saur, don masu nemansu su bi arewa. Yara suna haddacewa su rubuta a jarrabawa. Amma sai da na ga dutsen ya ba Madina baya sosai, na ga tsayinsa da kaushinsa, sannan na san nauyin abin da Nana Asma'u 'yar Abubakar ta ɗauka da ta tsaya a kan guzurinsu, ta kuma riƙe sirrin har Abu Jahil ya mare ta ba ta faɗa ba.

Hajiya fa? Ta yi ta nuna wurare da yatsa. "Can ne muka sauka, akwai wani lungu mai hawa, da mai shayi ɗan Yaman a bakinsa." Maigida ya duba ya ce, "Hajiya, wurin nan yanzu cikin masallaci ne." Unguwar Shamiyya take nufi, wadda aka rushe aka yi faɗaɗawar Sarki Abdullahi a arewacin Harami. Ta nuna wani wurin inda suke sayen tsaraba, nan ma otal ne. Ta yi shiru, can ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Duwatsun nan kaɗai suka san ni." Sai ta shiga lissafa matan da suka yi Hajjin tare, su tara daga unguwa ɗaya, tana yi wa kowacce addu'a da sunanta. Saura su biyu a raye.

Yanzu ga inda na yi wauta, kuma don shi na fi son ku karanta wannan. Kwana shida gare mu a Makka, salloli talatin ke nan, kuma tun daga gida Hajiya ta ɗaura niyyar ba za ta rasa ko ɗaya a bayan limamin Harami ba, saboda falalar da ta zo cewa salla ɗaya a can ta fi dubu ɗari a wani masallacin. Rana ta yi ja, maigida ya ce mu sauka. Na ce a ɗan ƙara mini minti biyar in ɗauki bidiyon duwatsun saboda ɗalibai. Minti biyar ta zama ashirin, domin fitilun Harami sun fara kamawa, abin ya yi kyau, na kasa ajiye waya. Da muka juyo, kowa ma sauka yake son yi, layin lifta ya yi tsawo. Muna cikin layin aka kira Magariba. Kun san Magaribar Harami ba ta jira. Kafin mu sauko, mu ratsa kasuwa da tsohuwa mai ciwon gwiwa, mu kai farfajiya, liman ya sallame, ana shelar sallar gawa. Ita muka samu, sannan maigida ya ja mu Magariba mu uku a gefe.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Na tafi neman Makkar jiya, na rasa Magaribar yau." Muna tsaye a ƙarƙashin agogon da ya fi kowane girma a duniya lokaci ya kuɓuce mana, kuma ni ce sila. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

To, amsar da na ba 'yar'uwata a aji ita ce: kasancewar abu alamar alƙiyama ba shi ne hukuncinsa ba. Imamu Nawawi, wanda ya tara Arba'unan da muke karantawa, ya yi wannan bayani a sharhinsa na Sahihu Muslim, cewa ba duk abin da aka ba da labarin yana cikin alamomin ne yake zama haramun ko abin zargi ba, alama tana iya zama alheri, tana iya zama sharri, tana iya zama halal kawai. Abin zargi shi ne alfahari da gasa. Kuma ginin nan waƙafi ne da sunan Sarki Abdul'aziz, an tsayar da kuɗin da yake samarwa don hidimar Harami, dubban baƙin Allah kuma suna kwana a cikinsa kusa da masallaci, ciki har da tsofaffi da marasa lafiya da ba za su iya doguwar tafiya ba. Don haka ban ga laifi ga wadda ta hau ba. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, ni a karan kaina da an tambaye ni da na fi son a ja ginin baya, a bar Ɗakin Allah ya zama shi ido ke fara nema. Sau da yawa a ɗawafi nakan kama kaina ina ɗaga kai ina duba ƙarfe nawa.

Wadda ta yi niyyar hawa, ta sani ba ya cikin ayyukan Umara ko Hajji, kada wani ɗan rakiya ya sa ki ji kamar ziyararki ba ta cika ba. In guzurinki ya yi ƙasa, ki bar shi, kada ki ci bashi. In za ki je, ki tambayi lokacin buɗewa, ki zaɓi inda tazarar salloli take da faɗi, kamar bayan Isha'i, kada ki kuskura ki shiga tsakanin La'asar da Magariba irin tamu. Ki sa hijabi mai nauyi ki kama shi da fil saboda iska, ki riƙe hannun yaro, mai jiri kuma ta tsaya daga baya. Wajen hoto a kula, wurin a cakuɗe yake maza da mata, kada ki ɗauko fuskar matar wani ki watsa a waya.

Akwai kuma waɗanda na fi ba shawarar su je, wato 'yan'uwanmu da fashin salla ya riska a Makka. Na ga yadda wata a masaukinmu ta wuni tana kuka a ɗaki, kowa ya tafi Harami ya bar ta, kwanakinta suna ƙarewa. Barandar nan ba masallaci ba ce. Maimakon zaman ɗaki, maigida ya daure ya kai ki, ki ga Ɗakin Allah, ki yi zikirinki da addu'o'inki, ba kuma sallar da za ta wuce ki. Da na san haka a lokacin da na ba ta tikitina.

Bidiyon da ya jawo mana asarar Magariba na nuna shi a aji. Matan suka taru a kan waya, ina nuna musu Saur, ina nuna musu Safa da Marwa, mai tambayar nan tana cewa, "Ikon Allah, ashe rami ne garin!" Daga nan ta sake ɗaga hannu ta ce, "To Malama, in kin koma za ki ƙara hawa?" Na ce don kaina dai sau ɗaya ya isa, amma in Allah Ya nufa na je da 'yata ta fari zan kai ta, bayan Isha'i. Hajiya kuwa, duk wanda ya zo yi mata sannu da zuwa sai ta ba shi labarin ta hau inda tsuntsu ba ya kaiwa, in ta zo wajen Magariba sai ta dube ni ta ce a tambayi Malama.